Haƙoran Shaiɗan na Mama Talatu

Duk wanda ya taɓa raka Mama Talatu kasuwa ya san irin kunyar da zan faɗa. Matar nan ba ta iya wuce farin abu ba. Rogo ne, cokalin roba ne, murfin jarka ne, sai ta ja birki ta ɗauka, ta ɗage leɓenta na sama, ta kara shi a gefen baki, sannan ta juyo ta tambaye ka, "Yaya ka gani? Zai ba da tsoro?" Mai kaya na kallo, masu wucewa na kallo, kai kuma kana ji kamar ƙasa ta tsage ka shige. In ka ce, "Mama don Allah mu tafi," sai ta harare ka ta ce, "Kai ba ka san aiki ba," ta mayar wa mai kaya abinsa da yawu a jiki, ta yi gaba abinta.

Ku da kuka zauna da ita a bayan tasha kun san dalili, amma bari in faɗa saboda surukai da jikokin da suka zo daga baya. Mama Talatu yayar babana ce. Ba ta haihu ba, sai aka ba ta ni tun ina rarrafe, ni Rifkatu, a ɗakinta na yi wayo. Mijinta Baba Yakubu makanikin reluwe ne a nan Kafanchan, ya rasu ina firamare, ya bar mata ɗakuna biyu da wani akwatin ƙarfe na kayan aiki. Ƙosai da kunu take sayarwa, amma in ka shigo unguwa ka ce kana neman Talatu mai ƙosai, sai a yi ta kallon juna. Ka ce Mama Shaiɗan, ko yaron goye zai nuna maka ƙofa.

Sunan ya samo asali ne daga wasan kwaikwayon da zumuntar matan cocinmu ke yi kowace Ista, na mutuwar Almasihu da tashinsa. Mata ne ke yin kowa da kowa, Bilatus, sojoji, Yahuda, har Bitrus da zakaransa. An ce shekarar da aka fara, da aka zo rabon aiki kowace mace ta ɗaga hannu tana son Maryamu. Da aka zo kan Shaiɗan, hannaye suka koma cikin zane. Mama ta miƙe ta ce, "Ku ba ni. In babu Shaiɗan, wa za a kayar?" Tun daga ranar ba ta sake shi ba.

Ni na sha wahalar sunan nan, ku tambayi 'yan ajinmu. Kun san mu a nan, Maman wance da Mama wance duk ɗaya muke faɗa. Ga Maman Bulus, ga Maman Ladi, ga kuma Mama Shaiɗan, kuma kowa ya san 'ya ɗaya ce a ɗakinta. To wace ce Shaiɗan ɗin? Na dawo gida da kuka na kai ƙara, ta share min hawaye da bakin zane ta ce, "Bar su. Su uwayensu wa ya san su har can garin Kagoro?" Da na girma ne na gane maganar. Matar da ba ta da ɗan da za a kira ta da sunansa, wannan aikin ne ya ba ta suna a gari. Mu dariya muke yi, ita kuwa ba abin da take tsoro a duniya kamar ranar da za a karɓe shi a ba wata.

Kuma aikin gaba ɗaya a kan haƙora biyu ya rataya. Ita a ganinta baƙin gyale da ƙahon kwali kowa zai iya sawa, amma Shaiɗan a fiƙa yake, dogayen haƙoran nan na gefe irin na kare. Da hannunta take yin na wasan, ta rarake gindinsu, ta cusa nata fiƙoƙin na gaske a ciki. Saboda haka waɗannan biyun na bakinta ta lallaɓa su yadda ba ta lallaɓa ni ba. Ba ta shan rake, ba ta tauna ƙashi, ba ta buɗe kwalbar lemo da baki. In an miƙa mata gasasshiyar masara sai ta ce, "A'a. Waɗannan biyun ba nawa ba ne, na coci ne."

Da rogo ta fara. Da safiyar Ista za ta feƙe ɗanyen rogo da reza, fari tas, ta sa ta fita. Wata shekara ta ce za ta yi wayo, ta feƙe su tun da wuri ta jera a kan taga su sha iska. Ran Lahadi da safe muka tarar akuyar maƙwabciyarmu Mama Kande ta riga ta karya kumallo da su. Ƙararrawar coci na bugawa, rogo ko guntu babu a gida. Abin da ke akwai sai buhun ɗanyar citta da wani ƙanin mijinta ya kawo mata daga Kwoi.

"Kai Rifkatu, miƙo min reza." Kun san Mama ba ta raba kai da ke, kowa kai ne a wurinta.

"Mama, citta ce fa!"

"Na ce maka albasa ne? Miƙo."

Da farko abin ya yi kyau, don rawayar nan ta citta ta ƙara wa Shaiɗan muni. Amma kafin a kai wurin da zai ruɗi Yahuda, citta ta fara aikinta. Idanun Mama suka yi jajir, hawaye na zuba, majina na bi, yawu na dalala ta gefen fiƙa. Mama Asabe da ke yin Yahuda ta tsaya da jakar azurfa a hannu, ta manta maganarta, ta raɗa mata, "Talatu, lafiya?" Mama ta manta makirufo na gabanta, ta ce da ƙarfi, "Karɓi abinka ka tafi, bakina na cin wuta!" Kai, cocin nan ya kusa rushewa. Fasto na wancan lokaci kuwa ya samu abin da yake so, ya hau bagade ya ce mun gani da idonmu, tun a duniya wuta ta fara cin Shaiɗan.

Da muka dawo gida ta tsoma baki cikin kwanon ruwan randa, ni kuma na kasa haƙuri na ce, "Mama, ai na faɗa miki." Ta ɗago, leɓe a kumbure, ta ce, "Da gangan na yi. Ba ka ji wa'azin Fasto ba? Wa ya ba shi?"

Bayan wannan ta ce ta gama da kayan gona, Shaiɗan ɗinta ba zai ƙara zama abincin akuya ba. Ta ja ni muka je wurin Malam Iro mahauci, wanda tun kakanninsa a kasuwar nan suke fawa, kuma shi ke sayar mata da nama tun tana amarya.

"Malam Iro, ƙashin ƙafar saniya nake so. Wanda babu nama a jiki."

Ya dube ta da tausayi. "Mama Talatu, abin har ya kai haka? In miya ce ki bari in sa miki 'yar tsoka, ai mun zama ɗaya."

"Wa ya ce maka miya? Haƙorin Shaiɗan zan yi."

Wuƙar ta kusa suɓuce masa. "A'uzu billahi! A teburina?"

Mama ta zauna a kan bencinsa ba a ba ta wuri ba, ta zayyana masa wasan daga farko. Ya saurara yana shafa gemu, can ya ce, "To a ƙarshe me ke samunsa?"

"Duka yake sha. Mata su bi shi da tsintsiya har ƙofar coci."

"Da tsintsiya!" Fuskarsa ta washe. "To in haka ne ina ciki. Jefaffen nan ai namu da naku ɗaya ne." Ya zaɓo ƙashi mai kauri ya naɗe mata a takardar siminti, ya ce, "Ki gaya wa matan su ƙara masa biyu masu kyau a madadina."

"Malam Iro, ka manta bayan wa ke karɓan dukan?"

"To ki sa riga biyu mana."

Daga nan har ya tsufa ya bar wa 'ya'yansa teburin, in Ista ta matso sai ya ware ƙashi ya ajiye, in wani ya taya ya ce na Shaiɗan ne, mai taya ya bar wurin da sauri.

Aikin ƙashin nan ni na san shi, don a kunnena aka yi shi. Ta dafa shi da kanwa har ya yi fari, ta shanya, sannan ta buɗe akwatin Baba Yakubu ta ɗauko ƙaramin zarto da magagari. Sai ka ji ƙur, ƙur, ƙur daga ta gama sayar da ƙosai har rana ta yi sanyi, garin ƙashi a cinyarta, guntun madubi a jingine da turmi. Ta goga ta gwada, ta goga ta gwada, har sai nata haƙorin ya shige ciki daram kamar ƙafa a takalmi. In ya yi, ta lanƙwasa shi kaɗan ya sauko bisa leɓen ƙasa, ta ɗiga zoɓo mai kauri a gefen baki ya zama jini. Ban taɓa ganin ta cikin natsuwa irin ta lokacin ba, har waƙoƙin coci take yi ta hanci tana feƙe haƙorin Shaiɗan.

Da yaran zamani suka fara kallon finafinai a waya, sai suka riƙa binta suna cewa, "Mama bamfaya! Mama bamfaya!" Ta kira ɗaya ta ce, "Zo nan. Wane ne Bamfaya ɗin nan? Ɗan wane gari ne?" Yaro ya ce wani Bature ne mai shan jini, haƙoransa irin nata. Ta karɓi wayar ta ƙura wa hoton ido, ta taɓe baki ta ce, "Gajeru ne. In ya shigo Kafanchan ka ce ya zo ya koyi aiki."

Matsalar ƙashi ɗaya ce, yana karya harshe. In ta sa su, magana sai ta riƙa fita da iska, ta ce Yahuda ya fito wani abu dabam. Maganin da ta samo shi ne ta riƙa yini da su a baki makonni kafin Ista, har harshe ya saba. Da su take suyar ƙosai, da su take faɗa da mai gawayi. Mu 'yan unguwa mun saba, ba wanda ke ɗaga kai. Wanda bai saba ba shi ne Ishaya, malamin makaranta daga Kagoro, da ya ga dama ya zaɓi wannan lokacin ya zo gaisuwar farko a gidanmu. Ga shi nan zaune a bayanku yana sunkuyar da kai, in na yi ƙarya ya tashi ya faɗa.

Sun zo da la'asar shi da abokinsa, an sha guga, an sha turare. Ni ina can bayan ɗaki ina wanki, ban ji sallamarsu ba. Mama kuwa a daidai lokacin tana gwajin zoɓo, baƙin gyalen ma yana kanta. Ta ɗaga labule ta leƙo ta yi musu murmushi. Abokin bai tsaya neman bayani ba, takalminsa ƙafa ɗaya muka tsinta a bakin kwata. Ishaya ya tsaya ƙyam.

"Kai ne Ishaya?"

"Ni... ni ne, Mama."

"Me ya kawo ka?"

"Gaisuwa, Mama."

"Gaisuwa kawai?" Ta ƙara ɗage leɓe.

"Da... da maganar Rifkatu."

Ta sa shi a gaba ta tambaye shi dangi kaf, na uwa da na uba, wane coci, wace gona, yana shan burkutu ko ba ya sha, kuma duk tsawon hirar ba ta cire haƙoran ba. Da ya tafi ta ce min, "Wannan ya yi. Abokinsa ya gudu, shi ya tsaya. Namiji ke nan." Sai da muka haifi ɗanmu na biyu Ishaya ya faɗi gaskiya a gabanta, ya ce shi ma gudun ya so yi, ƙafafunsa ne suka mutu. Na ɗauka za ta ji haushi. Ta ce, "To ai gara haka. Mijin da ƙafarsa ke mutuwa ba ya yawo."

Sai tsufa ya zo da nasa. Haƙoran Mama na sama suka fara ritaya ɗaya bayan ɗaya, na ƙasa suka bi sahu. Ko a jikinta. "Su tafi," in ji ta, "dama ba su da aiki a coci." Har ma ta ce giɓin ya ƙara wa fiƙoƙin kwarjini, kuma gaskiyarta ne. Amma wata rana tana cin tuwon acca ta gamu da tsakuwa, fiƙar hagu ta karye daga gindi. Ta naɗe guntun a leda ta tafi har kasuwa ta ajiye shi a gaban mai accar ta ce, "Acca ka sayar min ko yashin gini?" Istar shekarar da fiƙa ɗaya ta fito, ta shaida wa jama'a cewa Shaiɗan ya yi hatsarin mashin a hanyar Kagoro. An yi dariya sosai. Ni dai na lura a gida ba ta yi ba, kuma kullum da safe sai na ga tana taɓa ta daman da yatsa tana jijjigawa a hankali, ta ji ko tana nan da ƙarfinta.

Shekarar da ta biyo baya, ana saura 'yan makonni Ista, ta daman ta fara ciwo. Ta cusa kanumfari, ta kuskure da ruwan gishiri, ta ɗaure haɓa da ɗankwali. Kunci ya kumbura har ido ya fara rufewa, amma in ka ce asibiti sai ta ce maka sauro ne ya cije ta.

A lokacin zumunta ta yi sabuwar shugaba, Mama Rahila, mace mai hankali, ba ta da mugun nufi ko kaɗan. Akwai kuma wata amarya, Blessing, da ta je Jos ta dawo da haƙoran roba na kanti, sama da ƙasa a haɗe, sai dai ka jefa a baki kawai. Ta kawo su wurin gwaji tana murna, mata suka kewaye ta. Mama ta karɓa ta juya su ta ce, "Wannan ai na kyanwa ne." Ba wanda ya yi dariya sosai, don kowa na kallon kuncinta. Mama Rahila ta ja ta gefe ta ce, "Mama, kin yi wa Ubangiji hidima, ba wanda zai manta. Ki huta haka. Ga bencin kakanni can a gaba, mun ajiye miki wuri." Bencin da tsofaffi ke zama da mafici, a gaishe su a wuce. Mama ta ɗauki gyalenta ta fito, kuma fitar nan ta fi ba ni tsoro a kan faɗanta.

Zazzaɓi ne ya kayar da ita, ni da Ishaya muka ɗauke ta a mota zuwa asibiti ba ta da ƙarfin gardama. Likitan haƙori, wani saurayi mai fara'a, ya haska bakin ya daina fara'ar.

"Mama, sai an cire shi yau. Ruɓar ta shiga ciki sosai."

"Bayan Ista."

"Mama, in kika jira Ista, ba lallai ki ga Istar ba."

Ta rufe baki gam ta juya fuska bango. Likita ya dube ni, Ishaya ya dube ni. Ni kuma kuka ya ƙwace min, na durƙusa na riƙe ƙafarta na ce, "Mama, ni ba ni da wata uwa. Su nemi wani Shaiɗan, ni ke nake so." Ta daɗe tana kallona da idon nan ɗaya da ya rage a buɗe. Sannan ta kwantar da kai ta buɗe bakin.

Da aka gama, likita ya so ya faranta mata, ya ce in wurin ya warke nan da wasu watanni zai yi mata haƙoran roba, ta ci nama har da masara. Ta yi magana ta cikin auduga, da ƙyar muka gane. "Za ka iya yin na gefen su yi tsawo? Su sauko nan?" Ta nuna haɓarta. Ya ce, "Mama, ni na mutane nake yi." Ta ce, "To riƙe abinka."

Jiki ya warke amma Mama ba ta dawo ba. Ta daina suya, ta tura akwatin Baba Yakubu ƙarƙashin gado, in za ta yi magana sai ta kare baki da gyale, har a gabana. Aka ba Blessing aikin. Na yi ta addu'a, don na ga matar da ta ƙi mutuwa a asibiti tana neman ta mutu a zaune.

Blessing ce ta tashe ta ba da saninta ba. Yarinyar kirki, ta zo har gida ta durƙusa ta ce, "Mama, abeg, don Allah ki koya min gurnanin nan, na kasa." Mama ta yi kamar ba ta ji ba. Blessing ta jefa haƙoranta na kanti a baki ta gwada a tsakar gida, wani ɗan siririn nishi ya fito. Ta sake. Na ga kafaɗar Mama na motsi. A na uku ta yaye gyale ta daka tsawa, "Wannan Shaiɗan ne ko mai ciwon ciki? Daga nan ake ɗauko shi, daga cibiya!" Ta miƙe ta yi wani gurnani da ya sa kajin Mama Kande suka watse. Washegari ta sa zanenta na zumunta ta tafi gidan Mama Rahila, ni ina biye.

"Yaron nan ya yi daga farko har kan gicciye," in ji ta, tana nufin Blessing. "Na bar masa. Amma wurin kabari nawa ne. Sau ɗaya, daga shi ba zan ƙara tambaya ba."

"Mama, da wane haƙori?"

"Wannan ba matsalarka ba ne."

Ran Ista da safe ta aike ni sayen cingam. Na kawo na miƙa mata, ta ce, "Kai za ka tauna, ni ba ni da inji." Haka na zauna, uwar 'ya'ya da ni, ina taunar cingam ina ba ta tana cusawa a gindin tsofaffin fiƙoƙinta na ƙashi. Ta manna su a dasashi ta datse leɓe a kai. Na ce, "Mama, kina buɗe baki za su faɗi." Ta gyaɗa kai kawai, don ba halin magana.

Blessing ta yi nata, ba laifi, gurnanin ya fito daga cibiya. Aka kai wurin kabari, wato tebur da aka lulluɓe da bargo, da babban kwando a matsayin dutse. Sai ga Mama ta fito daga bayan labule a hankali, baƙin gyale har ƙasa, fiƙoƙi sun sauko kan leɓe, zoɓo na ɗiga. Ta zagaya kabarin, ta hau kan kwandon ta zauna ta harɗe ƙafa, tana bin jama'a da kallo layi layi. Wallahi ban taɓa ganin ta da ban tsoro irin na ranar ba. Yara duk suka shige cikin zannuwan uwayensu.

Sai Mama Rahila ta fito da farin mayafi a matsayin mala'ika, mata suka ɗauki guɗa, "Ya tashi! Ya tashi!" A nan ne kullum Shaiɗan ke kurma ihu ya ruga, a bi shi da tsintsiya. Mata sun riga sun ɗaga tsintsiyoyi. Mama ba ta gudu ba. Ta sauko ta tsaya a tsakiya, ta fuskanci jama'a, ta wangame baki iya ƙarfinta za ta yi gurnani. Fiƙoƙin suka faɗo kan siminti, ƙwas, ƙwas, ɗaya ya gangara ƙarƙashin benci.

Wasu sun ɗauka tsautsayi ne, na ji wata a bayana ta ce, "Wayyo, Mama." Ni na san da niyya ta yi, amma duk da haka sai da gabana ya faɗi, don bakin da take ɓoye min a ɗaki shi ne ta buɗe wa gari gaba ɗaya, ba komai a ciki sai jan dasashi. Ta bar shi a buɗe kowa ya gani. Sannan ta yi tsalle ta cafke hannun mala'ika ta kai masa cizo. Ta ciza, ta mamula, ta sake ciza. Mama Rahila ta yi ƙoƙarin riƙe fuskar mala'ika, cakulkuli ya fi ƙarfinta, ta fashe da dariya har mayafin ya zame. Cocin ya ɗauka gaba ɗaya.

Mama ta saki hannun ta juyo wajen yara ta ɗaga murya, maganar na fita da iska amma kowa ya ji. "Ku fito daga cikin zane! Ku fito ku duba da kyau! An cire masa! Ihu kawai ya rage masa, ba ya iya cizo!"

Suka fara leƙowa ɗaya bayan ɗaya, suna dariya. Manya kuwa dariyar tasu ta juye, na ga tsofaffin da suka binne 'ya'ya da mazaje suna share ido da bakin zane. Matan zumunta suka zubar da tsintsiyoyi, wata ta buga tulun kiɗa, aka ɗauki waƙar tashin Almasihu, suka sa Mama a tsakiya suna rawa, Mama Rahila ta rungume ta tana kuka. Ni ma kukan nake yi, ban san lokacin da na isa wurin ba. Da na kai kusa da ita sai na ji tana yi musu faɗa a cikin waƙar, "Wa ya ce ku fasa dukan? Kun ɓata dirama!"

Ba ta sake hawa ba, kuma ba wanda ya hana ta, ita ta ce ta gama da shi. Ta koma suyarta. Ta ƙi haƙoran likita har ƙarshe, ta riƙa dariya baki buɗe a tsakiyar kasuwa. Istocin da suka rage mata a bayan labule ta yi su, tana gyara wa Blessing gyale tana yi mata tsiya. Da daminar da ta wuce ta kwanta, ciwon bai daɗe ba, ta tafi hannunta a cikin nawa.

Ya Ubangiji, ka san baiwarka Talatu fiye da yadda muka san ta. A wurinka babu Shaiɗan, don haka aikin da ta iya babu shi a can. Muna roƙonka ka nema mata wani, ko da riƙon labule ne, don ba ta iya zama haka kawai ba, in ka bar ta za ta dami mala'ikunka. Ta goye ni ba ita ta haife ni ba, ba ta taɓa bari na ji bambanci ba. Kai ma ka riƙe mana ita haka, har ranar da za mu sadu. Amin.